Rigar da Ta Koma Garinsu

A taron ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da aka yi nan Gusau kwanan baya, wani saurayi mai waya a kowane hannu ya miƙe ya ce a soke kujerar mai kayan wasa. Wai mi ne ne aikin? In ana son riga a shiga gwanjo, in ana son gemu akwai na kanti mai roba a baya. Aka tafa mashi. Ni ina can baya ina ɓarar gyaɗa, ban ce uffan ba, don mai gemun gaske ba ya musu da mai gemun roba. To shugaba ya matsa in rubuto wani abu a sa a zauren nan naku na waya, inda kuke turo labarin wa zai yi wasa a ina, 'yan Tsafe da 'yan Bungudu su ma su gani. Ga shi. Wanda bai san ni ba, ni ne Mande Na-Aro. Rabin manyan mutanen ƙasar ga na taɓa tuɓe su, kuma da yardarsu, wasu har da rakiya bakin ƙofa.

Aikin farko da aka aike ni, kakin masinja ne. Ubangidana Malam Garba tela ne a tsohuwar kasuwa, Allah shi jiƙan shi, shi ke haɗa wa ƙungiyoyi kaya tun ba a san lasifika ba. Ya ce akwai wani tsoho bayan tashar jirgin ƙasa da ya yi aikin masinja, in je in aro kakinshi. Na je, na yi sallama, ko zama ban yi ba na ce an aiko ni aron kaki. Tsohon ya dube ni daga hula har silifa, ya tambayi sunan ubana, ya ce zai riƙe sunan don ya san wanda zai riƙa ji wa tausayi. Na dawo hannu Rabbana. Malam Garba bai yi faɗa ba, ya rufe kekenshi ya ce mu koma. Muka zauna kan tabarma, ya gaida tsohon, ya gaida ciwon ƙafarshi, saura kaɗan ya gaida akuyar da ke ɗaure. Sannan ya ce, "Baba, wai da gaske ne a zamaninku saƙo ba ya kwana a hanya?" Shi ke nan. Tsohon ya hau ba da labari. Ya tafi Ƙaura a ƙasa ya dawo, ya tsere wa kura, ya tsere wa ruwa, har rana ta karkata. Da kanshi ya shiga ɗaki ya fito da kakin don mu ga inda kura ta yage. Ya fito da bel. Ya fito da usur. Da za mu tafi, ga shi biye da mu da takalma a hannu yana roƙon mu haɗa da su, wai kaki ba takalmi cin mutunci ne.

A hanya Malam Garba ya ce, "Ka ji an ambaci aro?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To."

Akwatin ƙarfen nan da kuke zama a kai kuna latsa waya, shi ne ofishina. A ciki akwai allura da zare kala-kala, da fil na kama riga in ta yi wa mutum yawa, da ƙaro na manna gemu, da toka a gwangwani ta yin furfura, da kafur saboda asu, da dutsen guga na gawayi wanda ya girmi ubanninku. Akwai matashin kai guda biyu, ɗaya na tumbin attajiri, ɗaya na cikin mai juna biyu, kuma kar ka kuskura ka musanya su, don mutanenmu sun san bambanci. Da igiyar roba ta ɗaure kaya a bayan mashin. Ban da wannan, komi na mutane ne. Ƙungiyoyinmu ba su taɓa mallakar ko hula ba. 'Yan wasan kuwa, malamin makaranta ne, mai faci ne, mai shayi ne, an tashi aiki an haɗu a gindin bedi. Duk sarautar da kuka gani a dandali da duk arziki, aro ne, kuma ni ke kai shi gida da guga.

Gemun alƙali a Wonaka shi ya raba ni da rama. A lokacin da zaren rama nake yin gemu, yana da tsawo, yana da sheƙi, iska na kaɗa shi. Alƙalinmu na zaune kan buzu yana sauraren ƙara, sai ga wata akuya ta ratso ta ƙarƙashin labule, ta tsaya gefenshi kamar muhuti. Ta kama gemun daga ƙasa. Shi kuma mutumin kirki bai fasa shari'a ba, yana tambayar shaidu tana ci, yana jan ƙa'ida tana ci. Kafin ya yanke hukunci ya koma saurayi. Wanda aka kayar ya miƙe ya ce bai yarda ba, alƙalin bai balaga ba. Tun daga ranar na koma auduga.

Masu ba da aro kowa da sharaɗinshi. Wata Hajiya ta ba ni mayafi da sharaɗin kar a saki mace a cikinshi. Wani hedimasta ya ce kwat ɗinshi ba ta zama a ƙasa, ko da wasan ya ce an kore shi daga aiki sai dai a kore shi kan kujera. Wani dattijo a ruga wajen Karakkai ya ba ni malfa da sanda, ya riƙe ƙarshen sandar bai saki ba sai da ya ce, "Wagga ba a ɗaga ta kan mutum, ko da wasa." Ba a ɗaga ba. Aka sake faɗan da ke cikin wasan ya koma cacar baki.

Amma babbar doka, wadda ita ce sana'ar baki ɗaya, ga ta: riga ba ta wasa a garinsu. Mu nan ba mu san mutum da fuska kaɗai ba. Tun daga nesa za a ce ga wane can, alhali rigar kawai aka hango. An san wadda ya sa ranar Sallah, an san wadda ya sauka da ita daga Makka, an san telan, an san wanda ya yi aikin wuyan. To ka ɗauki wagga riga ka sa wa mai fitowa a ɓarawo ko maƙaryaci, a garin mai ita. Ba wanda zai ce wasa ne. Za a ce ƙungiya ta san wani abu, ta faɗa a fakaice. Don haka rigar Tsafe sai Bungudu, ta Bungudu sai Gusau, ta Gusau ko'ina ban da unguwarsu. Kuma kafin in karɓi riga sai na bincike ta kamar mai neman aure. Ina aka ɗinka ta? Ta taɓa zama wani gari? Tana da dangi a Bungudu? Sai na gamsu nake naɗewa.

Wannan doka ita ta mai da ni ɗan hanya. Kaya a bayan mashin sun fi ni tsawo, in na taso daga Tsafe da hantsi, dutsen Kwatarkwashi na tafe gefena kamar ya rako ni, iska na cika hannun wata riga da ta zamo daga ƙulli, sai ka ga kamar na goyo wani Alhaji yana ɗaga wa manoma hannu. Wasu har amsawa suke. Ba riguna kaɗai nake ɗauka ba. Kafin wayoyinku ni ne zauren. Ni ke gaya wa 'yan Gusau cewa mai fitowa a boka na Tsafe ya samu aiki ya bar gari, ko suna da mai irin idonshi su ara masu. Ni ke sanar da 'yan Bungudu labulen 'yan Tsafe ya yage, su ba da nasu su karɓi lasifika. Wa ya yi sabon wasa, wa aka jefa da ɓawon rake, wa ya manta maganarshi ya kama salati. In labari ya yi ƙaranci a hanya nakan ƙara mashi ruwa, ba wanda ya taɓa ƙorafi.

In na iso gida da rana, sai in rataye su a igiya cikin ɗaki su sha iska, in kishingiɗa. Kowace da ƙamshin gidansu. Wannan turaren wuta, wannan goro, waccan man shanu da hayaƙin kara. Iska na shigowa ta taga, su kama motsi. Majalisa ce cikakkiya, ba kai ba ƙafa. Rigar mai goro ta sunkuya wa kwat ɗin hedimasta, mayafin Hajiya ya kau da kai, kakin masinja ya ƙame a kusurwa yana jiran a aike shi. Mutanen da a gari ba su gaisawa, a igiyata kafaɗa da kafaɗa suke. Sau da yawa ina tsakanin barci da ido biyu nake jin wace ce za ta dace da wane wasa. Riga mai tsayayyar kafaɗa ba ta yin talaka, ko ka yayyage ta.

Sai shekarar da hanya ta ɓaci. Kun san ta, ba sai na faɗa ba. Mashin ya koma jingine. Ku yi tunanin a tsayar da mutum a shinge, a kwance ƙullinshi, a ga kakin ɗan sanda biyu da bindigar katako fentin baƙi, ya ce wai na wasa ne. Bindigogin nan da na sassaƙa da hannuna, uwargida ta tuƙa tuwo da su, kuma tuwon ya yi daɗi. Kaki na tura can ƙasan akwati. Ƙungiyoyi suka yi tsit. Ƙauye ba a noma yadda ya kamata, gero ya hau inda sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Damina ta yi tsakiya, na gona bai nuna ba, na rumbu ya ƙare.

A cikin wannan hali Malam Ɗahiru, shugaban 'yan Bungudu, malamin firamare ne, ya aiko mani cewa za su yi wasa ko mutane sa saki fuska. Wasan wani attajiri ne, Alhaji Sai-Gobe, mai sito cike da gero, duk wanda ya zo saye sai ya ce a dawo gobe, yana jiran farashi ya ƙara hawa. Lawali mai faci zai fito a Alhajin, don shi Allah ya yi mashi fuskar da ko sadaka ya ba ka sai ka ƙirga yatsunka. Ana son babbar riga ta gaske, wadda in ta shigo fili za a ji ta shigo.

Na shiga motar haya zuwa Tsafe da rana tsaka, mota cike, ba mai tari. Na sauka wajen Malam Isa mai gyaran agogo, mutum shiru-shiru, siriri kamar allurar agogon. Na sha jin yana da wata riga da ba ya sa wa sai ɗaurin aure. Muka gaisa, na saurari tarihin agogon bango guda uku, sannan ya shiga ya fito da ita. Shadda ce ruwan toka, aska takwas, aikin da koren zare, irin koren ganyen gero bayan ruwa. Na shimfiɗa ta a gwiwa na fara bincike.

"Malam Isa, ina aka haife ta?"

"Kano," in ji shi. "Da kaina na je na zaɓi zaren."

"Ba ta taɓa zama wani gari ba?"

"Daga Kano sai akwatina."

"Dangi a Bungudu?"

Ya gyara gilashinshi ya ce, "Mi zai kai ta Bungudu?"

Ta yi mashi yawa, amma wa babbar riga ba ta yi wa yawa? Na naɗe, na yi godiya.

Ranar wasa bayan la'asar aka taru a filin makaranta. Hadari na can gabas ya yi gangami bai taso ba, hasken ya yi wani rawaya-rawaya, komi kamar an wanke shi. Mata gefe kan tabarmi, maza gefe, samari tsaye a baya. Bencin gaba na dattawa, a tsakiyarsu Alhaji Sambo, babban ɗan kasuwar hatsi na garin, wanda shi ya ba ƙungiya aron bencinan ma, sitonshi kuwa ga shi can tsallaken titi ana hango ƙofar. Ni ina bayan labule na ɗaura wa Lawali tumbi, na zura mashi riga, na karya mashi hula. Ya fita.

Ku da kuke ɗaukar wasa a waya ba ku san dariya ba, sai dai ku ƙirga ta. Dariya iri-iri ce, kuma daga bayan labule kunne ke gani. Akwai ta ciki, wadda ke tasowa gaba ɗaya kamar garken tantabaru. Ita aka fara yi da Lawali ya fito yana tafiyar agwagwa. Murtala mai shayi, da ya fito a tsohuwa, ya durƙusa da ƙwarya yana roƙon a sayar mashi ko tiya guda. Lawali ya kaɗa hannun riga ya ce, "Sai gobe, Inna," ya juya baya. A nan dariyar ta sake. Ta yi ƙasa, ta rarrabu, ta koma irin wadda ake yi da hanci ana taɓa na kusa. Na leƙa ta ɓular labule. Ba mai kallon Lawali. Kawuna duk sun karkata bencin gaba.

Na ji wata mata ta ce, "Ke, ba rigar Alhaji Sambo ce ba?"

Ta kusa da ita ta ce, "Ita ce. Mai koren aiki. Da ita ya aurar da Balki."

Daga baya cikin samari wani ya ɗaga murya, "Sai gobe, Alhaji." Ba dandali ya fuskanta ba. Wani ya maimaita. Waɗanda ke zaune kan katanga suka diro. Na ga biyu-uku sun juya suna duban tsallaken titi. Alhaji Sambo na zaune bai motsa ba, carbinshi ya tsaya a yatsa ɗaya. Mutane ne masu yunwa, an nuna masu riga, ga mai riga, ga sito. In aka tashi a haka, ko ƙofar ta kwana lafiya sunanshi ba zai kwana ba, mu kuma ba mai sake ba mu aron ko tsumma daga nan har Tsafe.

Malam Ɗahiru ya kamo hannuna. "Mande, a ja labule. A ba da haƙuri."

Na ce, "In ka ba da haƙuri ka sa hannu ke nan. Riƙe mani hula."

Na tuɓe rigata, na naɗe wando zuwa gwiwa, na zuba ruwan buta a kai, na ɗauki dutsen guga a hannu ɗaya, ƙullin kaya a ka. Ni da tunda nake ban taɓa taka gaban labule ba. Na faɗa fili ina haki, na zagaya Lawali, na kama gefen rigar na shinshina.

"Jama'a ku taya ni gani. Ga ta. Tun safe nake yawo, na duba rijiya, na duba cikin akuyar maƙwabta."

Lawali ya zaro ido, don wannan ba ya cikin abin da suka shirya. Ya ce, "Kai kuma wane ne?"

"Ni mai wanki ne, kai ɓarawon igiya. Rigar Alhaji Sambo ce, ya ba ni wanki da guga, na shanya na shiga sallah, na fito igiya na lilo." Na matsa kamar zan shaƙe shi, na ce a kunnenshi, "Tuɓe, ko mu kwana a asibiti."

Lawali ɗan gari ne, ya waiga ya ga inda idanu suke, ya gane. Sai ya kumbura ya ce, "Ni Alhaji Sai-Gobe zan saci riga? Ka dawo gobe mu yi magana."

"Yau za ka tuɓe. Wannan wuyan ya yi kama da na mai aska takwas? Wuyan da ko sabulu bai san shi ba?"

Murtala, da ke durƙushe da ƙwarya, ya miƙe da muryar tsohuwa ya ce, "Dama na ce. Tun da ya juya na ga rigar na tafiya daban, shi yana tafiya daban."

Muka kama, ni hannun dama, tsohuwa hannun hagu, muka zare ta ta kai. Ga Lawali tsaye da singileti mai ɓula uku, baƙi ƙirin da man taya. Igiyar tumbi ta kwance, matashin kai ya faɗo tim. Tantabarun suka tashi. Dariyar ciki, har da masu riƙe haƙarƙari, samarin baya suna dukan juna. Na tsuguna a tsakiyar fili na naɗe rigar a tsanake, ninki kan ninki yadda Malam Garba ya koya mani, na ɗora ta a tafin hannu biyu, na taka har bencin gaba na durƙusa.

"Alhaji, a gafarce ni. Sakacina ne. Ba a taɓa yi mani sata a igiya ba sai yau."

Ya daɗe yana kallona. Ni kuma ina kallon takalminshi, ina jin ruwan buta na bi mani ta baya. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa, ya ɗora a cinya, ya ce yadda na kusa za su ji, "Allah shi kiyaye gaba. A riƙa sa ido."

Wasan bai koma ba. Jama'a suka bi Lawali da ihun ɓarawo, ya zagaya fili rungume da matashin kai, ya haura tagar aji. Kafin a dawo da shi hadarin ya taso, kowa ya kwashi tabarmarshi.

Ba a bin hanya da yamma, don haka a Bungudu na tsaya. Ana idar da magariba aka ce Alhaji Sambo na kira. Na same shi a zaure shi kaɗai, ruwa na sauka a kwano, rigar na ajiye kan tabarma tsakaninmu kamar wata baƙuwa.

"Mai wanki," in ji shi. "Zauna. Wa ya ba ka?"

"Alhaji, mai aro ba shi da baki."

"Isa ne. Ƙanwata yake aure. Shekarun baya da za su ɗaurin aure na ga ba shi da ta fita, na ba shi." Ya ɗan murmusa. "Mi ya ce maka?"

"Ya yabi Kano ƙwarai."

Ya yi dariya kaɗan, ya girgiza kai. Wane namiji zai ce rigarshi ta fita kwancen surukinshi ce? Ya tura ta gabana da yatsa. "Mai da mashi. Kar ka ce ta zo gida."

Na ce to. Na ɗauka zan miƙe, ya ce in dakata.

"Da ba ka shigo ba, ya wasan zai ƙare?"

Na gaya mashi. Alhajin na ta cewa gobe, har sabon gero ya shigo kasuwa. Ranar da ya buɗe sito, ƙwari sun mai da buhunan gari, ya ɗebo da hannu iska ta kwashe. Tsohuwar kuma ba ta zo ba, an ce ta bar garin.

Ya dubi rigar a hannuna. Can ya ce, "Ka san mutum bai taɓa ganin bayanshi ba? Yau na gani. Da yaron nan ya kaɗa hannu ya juya wa tsohuwar baya, ban ga Lawali ba. Na ce ashe haka nike in na juya." Ya ja carbi ɗaya. "Ita tsohuwar mai ƙwarya, ta zo wajena shekaranjiya. Ba mai shayinku ba, ta gaske."

Na gyara ninkin rigar. Sana'ata ta tsaya a riga.

"Sai da safe, Mande."

Da safe gari ya waye a wanke, ƙasa na ƙamshi, na fito bakin titi jiran mota da ƙullina a hammata. Tsallake, ƙofar siton a buɗe take, duka ɓangare biyu. Mata sun yi layi da kwanoni da ƙore, ana awo, ƙurar gero na tashi cikin hasken rana kamar hayaƙin turare. Wata tsohuwa ta tsallako da ƙwarya cike a ka, tana tafe a hankali kar ta zube. Ta zo daidai ni ta tsaya, ta ƙanƙance ido.

"Kai ne mai wankin jiya?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

"Allah shi yi maka albarka da ka ƙwato wa bawan Allah rigarshi. Saura kaɗan a ɗauki alhakinshi. Ka ga mutumin kirki, tun asuba ya buɗe, kuma yadda muke iya saye." Ta gyara ƙwaryar, ta dube ni sama da ƙasa. "Amma kai ma ka riƙa tsayawa wajen shanyarka."

Na ce, "In Allah ya so, Inna."